Taskace Tarihi a Kwamfuta Ma Bincike Ne

A 1949, wani limamin coci ɗan Italiya, Roberto Busa, ya shawo kan kamfanin IBM ya taimaka masa wajen jera kalmomin littattafan Thomas Aquinas da na'ura. Sai da ya shafe kusan shekara 30 kafin aikin ya kammala fitowa cikin mujalladi 56.

Da a jami'o'inmu yake, da wuya ya samu ƙarin girma, domin maƙaloli aka fi ƙirgawa. Shi ya sa matashin malami ke ƙyale rubuce-rubucen ajami da ke gidajen malaman Kano da Sakkwato, maimakon ya ɗauki hotonsu ya taskace.

Lokaci ya yi da jami'o'i za su ba wannan aiki maki, tun gara ba ta riga mu ba.