Ƙofa ɗaya ta ishi zango

A zamanin fatauci, ayarin da ya taso daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yada zango a Djougou. Fatoma ɗaya ke saukar da fatake da yawa, kuma ba ya fasa wa kowane baƙo ƙofarsa a jikin katanga. Mai neman wani, suna kawai zai ambata a zaure, a kai shi.

Wasu gwanayen kwamfuta na yau ba su kai fatoma hikima ba. A ce makaranta da ɗakin shan magani da ƙungiyar manoma a unguwar Ganou ta Parakou sun haɗa kuɗi domin ɗora shafukansu a kan uwar garke ɗaya, wato na'urar da ke riƙe shafuka tana miƙa su ga mai nema. Sai gwani ya kafe cewa kowace sai an kama mata hayar adireshin IP nata daban. Ƙofa uku a ɗaki ɗaya ke nan, kuma talaka ne zai biya.

A da, yana da hujja. Amma tun 1997 ƙa'idar HTTP/1.1 ta wajabta wa mai nema ya faɗi sunan shafin da yake so, kamar baƙon zaure. A 2003 aka fito da SNI, wadda ta kai wannan dabara ga shafuka masu kulle. Wanda har yau yake fakewa da tsaro, karatunsa ne ya tsufa.

Ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne duka duniya, kuma IANA ta rabar da ragowar rumbunta a Fabrairun 2011. AFRINIC, mai rabo wa Afirka daga tsibirin Mauritius, tun Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da 1,024 a karo ɗaya. Rigima kan waɗannan lambobi ce ta kai ta gaban kotu, har aka naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023.

Wuri ɗaya gwanin ke da gaskiya: wasiƙun imel. Idan ƙungiya ɗaya ta riƙa watsa saƙon banza, adireshin ake toshewa, sai laifinta ya shafi maƙwabta. To, a ware wa wasiƙu nasu, a bar shafukan uku su shiga ta ƙofa guda. Mai son yalwa kuwa ya kunna IPv6, inda abokin ciniki ɗaya ke samun lambobin da suka ninka na IPv4 gaba ɗaya.