Launin da Ba Ya Cikin Hoto

A shekarar 1987 kamfanin IBM ya fito da tsarin nuna hoto na VGA, mai jadawalin launuka na gurabe 256. A wannan tsari kowane ɗigon hoto lamba ce kawai, wadda ke nuna gurbin da na'ura za ta duba ta ɗauko launi. Mai rubuta manhaja yakan aika lambar gurbi ta mashigar 3C8, sannan ya biyo da lambobi uku ta mashigar 3C9: na ja, na kore, na shuɗi, kowace daga 0 zuwa 63. Wanda ya yi sakaci ya rubuta 200 yana neman ja wur, kusan baƙi zai gani, domin 8 kaɗai na'urar za ta ɗauka.

Masu ƙirƙirar kalmomin fasaha da Hausa na iya sha'awar bin sahun Turanci su kira shi "farantin launuka", irin na mai zane. Sunan yana da daɗin ji, amma ɓatar da ɗalibi zai yi. Launin faranti dangwalo shi ake yi a shafa, ya bushe inda aka sa shi. A nan kuwa sauya gurbi guda kan rikiɗar da dubban ɗigo nan take, ba tare da an taɓa hoton ba. Da wannan dabara tsofaffin wasannin kwamfuta suka sa ruwa gudana da wuta ci. "Jadawalin duba launi" ya fi nauyi a baki, amma ɗalibin da aka koya wa shi zai san inda zai fara bincike ranar da ja ya fito baƙi.