Wa Ya Ce Tsintacciyar Mage Ba Ta Mage?

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka ba da sanarwa a Kano cewa sun ceto yara tara waɗanda aka sace, aka kai Onica ta Jihar Anambara aka sayar. An sauya musu suna da addini, wasunsu kuwa Hausar ma ta kuɓuce musu. A 2021 Babbar Kotun Kano ta ɗaure Paul Owne shekara 104 saboda wannan aika-aika. Jama'a suka yi hamdala, aka shiga wata sabgar. Amma ni, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya irin wannan yaro yake kwana a ɗakin mahaifiyarsa daren farko, alhali ba ya jin abin da take faɗa masa?

Ba sai mun je Onica ba ma. A ƙasarmu ta Kazaure, tun daga Karkarna har Roni da Gwiwa, wa bai san dillaliyar da kan zo da rani ta kwashi 'yan mata ƙanana zuwa aikatau a birni ba? Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gidan wani, amma dokar tana takarda, yaran suna mota. Na san wata yarinya a ƙauyenmu da ta komo bayan shekara biyu. Ga ta 'yar shekara goma, amma tana fitsarin kwance, tana ɓoye tuwo ƙarƙashin tabarma, da an ɗaga hannu ko don a kori ƙuda sai ta dafe kai. Ƙarya kuwa kamar ruwa. Aka ce birni ya lalata ta, aka shiga duka. Ni a ganina waɗannan halaye su ne garkuwarta a inda ta fito: wanda ya sha kwana da yunwa shi ke ɓoye tuwo, wanda gaskiya ta sha jawo wa bulala shi ke sabawa da ƙarya. Dukan nan bai ƙara mata kome ba sai tabbacin cewa gida ma haka yake.

Ɗan gidan marayu nasa ciwon daban ne. Sau da yawa ba ya gudun baƙo. Kowa ya shigo sai ya ruga ya haye cinyarsa, mu kuwa mu ce kai, yaron nan da son mutane yake! Alhali alama ce ta rashin wanda ya kama a matsayin uwa, domin masu reno sauyi suke yi, ta safe dabam, ta dare dabam. An gwada wannan a Romaniya. Daga shekarar 2000 masana suka bi yara 136 na gidajen marayun birnin Bukares, aka yi ƙuri'a, rabi aka ba da su riƙo a gidajen mutane, rabi suka zauna inda suke. Waɗanda aka ba da riƙo suka ɗara sauran a kaifin hankali da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ɗauka tun ba su cika shekara biyu ba.

Kada a ce na mai da ɗan gida waliyyi. Mun san wuyar da agola ke sha, mun san gidan da faɗan kishiyoyi ya ƙangarar da 'ya'ya. Sai dai shi ko ya yi laifi, akwai wanda ya san yadda yake kafin laifin.

Mu 'yan Sashen Hausa muna da misali a hannu. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaro ne aka sace, aka ƙetare Hamada da shi, amma ya tashi malami, domin Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi riƙon ɗa. Labari ne, na sani, amma ya ƙaryata karin maganar nan da na sa a kan wannan rubutu.

Saboda haka ra'ayina shi ne, maimakon yawan gina gidajen marayu da kai musu buhunan shinkafa da azumi, a raya al'adarmu ta riƙo, inna ko goggo ko kawu su karɓi yaro, hukuma ta agaza musu. Wani zai ce ai ta wannan ƙofa dillaliya ke shigowa, tana cewa za ta riƙe yarinya har ta aurar da ita. Gaskiya ne, wannan kuwa ita ce hujjar da ta fi yi mini nauyi. To, tun da Jigawa ta kafa dokar kare yara a 2021, sai a ɗora wa masu unguwanni da dagatai rubuta duk yaron da zai bar gidansu, da sunan mai riƙon, da garin da za a kai shi, kana wani daga dangi ya riƙa zuwa yana ganinsa ido da ido, ya keɓe da shi ya tambaye shi abin da yake ci da inda yake kwana.