Tayar Da Ba A Tsaya An Ba Iska Ba

Kowace shekara in an gama aikin Hajji, sai ka ji alhazanmu a filin jirgin Jidda suna ta gunaguni, wai jirgi ya yi jinkiri. Ni kam, jama'a, in aka ce ana duba taya, darduma nake shimfiɗawa in zauna, ko da kwana biyu za a yi. Dalilina shi ne ranar 11 ga watan Yuli, 1991.

A ran nan ne wani jirgi samfurin DC-8, wanda tsohon kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga Kanada, ya ɗebo alhazai zuwa Sakkwato. Tun yana ƙasa aka san iskar tayoyi biyu ta gaza. Makaniki ya nemi a ƙara, amma jami'in jigila ya ƙi jira, don kada a makara. Jirgi na cikin gudu tayoyi suka fashe, wuta ta kama. Matuƙa ba su ankara ba, suka naɗe ƙafafun cikin jirgi, har da wutar. Da abu ya ɓaci suka juyo, amma kafin su kai titin sauka jirgin ya tarwatse.

Mutum 261 ke ciki, ko ɗaya bai fita ba. Allah ya jiƙan su.