Ƴar Kwalbar Siram da Hunturun Gesse

Maganar da wata mai sayar da mayuka ta yi a wajen kamun nan na unguwar Gesse a Birnin Kebbi makon jiya ta riga ta zaga gari, ba sai na maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne inda ta ce wai duk macen da har yau take shafa man kaɗe da basilin, fatarta ƙishirwa take ji, kuma babu mai shayar da ita sai ƴar kwalbar siram ta hayaluronik asid. Mata suka yi ta gyaɗa kai kamar ana tafsiri. Kafin a watse an yi wawason kwalaben, kowace a kan kuɗin da zai cika kwano da shinkafar fadama sau da yawa.

To bari mu fara da wannan "sabon sinadari". A 1934 Karl Meyer da John Palmer suka ciro shi daga ruwan idon saniya a Jami'ar Columbia ta Amurka, wato shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu aka kafa harsashin bikin kamun kifi. Sa'an bikin Argungu ne ake tallata mana a matsayin jariri. Kuma ba baƙo ba ne a jikinmu. Babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa, wajen rabi a fata, sauran a gaɓoɓi da ido da wasu sassa. Da can daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu ƙwayoyin bakteriya ke samar da shi a manyan tankuna, mafi yawa a Sin. Abin da ke cikin kwalbar da kika saya bai cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Galibin sauran ruwa ne, Hajiya. Ruwa kika saya a garin da ke bakin gulbi.

Ban ce ba ya aiki ba. Aikinsa irin na soso ne, ya tsotsi ruwa ya riƙe. Amma soso ba rijiya ba ne. Inda iska ke da laima, kamar Legas ko Koriya inda yayin nan ya yi ƙarfi, yana samun abin tsotsa daga iska. A Birnin Kebbi fa, cikin Janairu, lokacin da laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, zanen da aka shanya da hantsi ya bushe ƙayau kafin a gama wanke na biyu? Daga ina zai samo ruwan? Daga fatarki zai jawo shi sama, iskar hunturu ta zo ta kwashe. Shi ya sa hatta likitocin fatar da ke yaba shi suke cewa a shafa a jiƙaƙƙiyar fata, sannan a bi da mai a rufe. Wane mai? Ai wanda aka gama zagi a wajen kamu. Basilin yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke tsiyayewa daga fata. Kowace tsohuwa a Argungu ta san randa ba murfi ba ta kwana da ruwa mai kyau, kuma ba ta taɓa jin sunan asid ba. Ga kuma gilisarin na kanti, mai arha kamar banza, da yake yin aikin soson nan tun kafin a haifi mai kwalba.

Za a ce mini ai yana riƙe ruwa ninki dubu na nauyinsa. Lissafin masu talla ne, su riƙe abinsu. Za a ce akwai mai ƙananan ƙwayoyi da ke ratsa fata. Madalla, ya ratsa ya gaishe da na ciki. Asalin ƙwayar tana da girman da yawanci a saman fata take zama, shi ya sa likita idan yana son ta yi aiki a gwiwa ko a ƙarƙashin fata allura yake ɗauka, a aikin ido ma da hannunsa yake zuba ta. Ba ya shafawa ya jira ikon Allah.

Amma ni abin da ya fi ƙona mini rai wani ne daban. Su wa ke sayar mana da wannan ruwan? Su ne dai waɗanda shekara da shekaru suka dama mana haɗin bilicin a robobi marasa suna, suka kira shi "oganik", da hayidrokwinon da sitiroyid a ciki, wani har da makuri. Suka mayar da fuskokin ƴan mata kalar gwanda, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, fata ta yi siriri har jijiya ta fito, rana kaɗan ta ƙona ta. Sai da hukumar NAFDAC ta fito a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Na sha faɗa a wannan shafi, aka ce hassada nake yi da masu neman halaliyarsu. Yau ga su sun dawo da maganin ɓarnar da suka yi da hannunsu, kuma a kan kuɗi ninki. Mai tona rami ya koma sayar da tsani. Kuma da bakin da ya ce baƙar fata ƙauyanci ce, da shi ake cewa man kaɗe yana wari.

Wari! Kamfanonin Turai na ɗibar kaɗanyar Afirka ta Yamma su zuba a cakulan da mayuka masu tsada, har a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Ki juya kwalbar man da aka ce ki ɗora a kan siram ɗin, ki sa ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki jerin kayan haɗin. Sau da yawa man kaɗe na nan zaune cikin sunan Latin, ya je yawo ya dawo da turare.

An ce mai kwalbar za ta dawo da sabon kaya kafin bikin da ke tafe. Ina roƙon wadda ke kusa da ita ta leƙa diddigenta cikin watan sanyi, ta zo ta faɗa mini me take shafa wa faso.