Ba Kowane Zafin Fitsari Ne Ciwon Sanyi Ba

'Yan'uwa manoma, akwai ciwon da maza da yawa cikin ƙungiyoyinmu na gama kai suke ɓoyewa. Mutum ya yi wata da watanni yana jin zafi in zai yi fitsari, kunya ta hana shi faɗa. Sai ya je kemis ya sayi kafso biyu ko uku, ya ɗan ji dama, ciwo ya dawo. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma akwai haɗari ciki.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya sami wurin zama a magudanai da gonakin shinkafa na Maradun, Talata Mafara da Bakura. Irin wannan ruwa ne ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya suke so. Tsutsar tana shiga ta fata lokacin dashe ko wanka, ta zuba ƙwai a jikin mafitsara. Alamarta jini ne a ƙarshen fitsari, da zafi. Maganinta praziquantel, ana sha sau ɗaya gwargwadon nauyin mutum. Kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan. Gida nawa ne aka yi rigima, miji yana zargin matarsa, alhali laifin na ruwa ne?

Ciwon sanyi kuwa ta saduwa ake ɗaukarsa, yakan zo da mugunya. Penisilin da aka saba da shi a dā bai cika kashe shi ba yanzu. Allurar ceftriaxone ake yi, sau da yawa a haɗa da doxycycline na kwana 7, domin wata ƙwayar cuta takan raka shi. Dole a duba matar gida a lokaci guda, ko da ba ta jin komai, a kuma faɗa wa likita in tana da ciki. In aka bar ciwon ya daɗe, hanyar fitsari takan yi tabo ta ƙuntata, fitsari ya koma ɗis-ɗis, har sai an kai mutum Sakkwato aikin tiyata. Mace kuma yana iya hana ta haihuwa.

Saboda haka bayan girbi kowace ƙungiya ta ware kuɗin awon fitsari ga membobinta da samarin da ke iyo a magudanai. A kai fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwan tsargiya ya fi fita.