Cinikin Gwaji: Wa Ake Aikawa Ya Duba Kanta?



A watan da ya shige, sau uku samarin unguwarmu a nan Kumasi suna shigowa zauren Maigida bayan la'asar, kowa da waya a hannu, kowa da saƙo iri ɗaya. Wai ana neman waɗanda za su riƙa shiga manyan kantuna da bankuna kamar masu ciniki, su rubuta abin da suka gani, a biya su. Na farko ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki na samu, sai dai an ce in fara tura kuɗin rajista ta MoMo." Dattijo ya miƙo mana wayar, da yake karatu da rubutun zauren a hannunmu suke. Da muka karanta, muka ce wa yaron kada ya tura ko sisin kwabo. Na biyu ma haka. Na uku kuwa ya riga ya tura kafin ya zo, lambar da ta karɓi kuɗin kuma ta daina shiga.

Da a nan muka tsaya, da sai mu ce abin duka damfara ce, mu shafa fatiha a tashi. Amma ba haka gaskiyar take ba. Aikin nan akwai shi, ana biyan mutane a kansa a ƙasashe da yawa, kuma mu da muke zaune a zango muna da buƙata da shi fiye da yadda muke zato. Bari mu kira shi cinikin gwaji.

Ga yadda yake. Mai kamfani yana da rassa talatin, ba zai iya tsayawa a bakin kowace kanta ba, ranar da ya zo da kansa kuma kowa zai gyara zama. Sai ya ɗauki wani kamfanin bincike, shi kuma ya aiko mutumin da ma'aikata ba su san fuskarsa ba. Ana ba shi labarin da zai shiga da shi: kana son buɗe asusu, ko ka zo mayar da kayan da ya lalace. Ana ba shi jerin abubuwan lura: minti nawa ya yi a layi, an gaishe shi ko ba a gaishe shi ba, an faɗa masa farashi na gaskiya, an ba shi rasit, wurin yana da tsabta. Yana fita sai ya rubuta rahoto tun abin bai dushe masa ba, ya haɗa da rasit ya aika. Ana biyansa a kan kowace ziyara, a mayar masa da abin da ya kashe gwargwadon yadda aka yi yarjejeniya.

A matsayin sana'ar kamfanoni, abin ya bunƙasa ne a Amurka tun wajen shekarun 1940, kuma asalinsa neman ma'aikatan da ke sa hannu a kuɗin mai kanti ne, kafin daga baya ya koma auna kyautata wa mai saye. Littafin Michelin na Faransa, wanda ya fara fitowa a 1900 ya kuma fara bai wa gidajen abinci tauraro a 1926, har yau da irin waɗannan baƙin ɓoye yake aiki: su ci, su biya, su tafi ba tare da sun bayyana kansu ba. A jihar Nebada ta Amurka ma, doka ta sa mai wannan aiki ya kasance ƙarƙashin kamfanin da ke da lasisin binciken sirri, saboda an san rahotonsa yana iya taɓa abincin wani.

Wanda ya yi karatun zaure kuwa ba zai ga baƙon abu ba. Malam Maƙƙari, mutumin Tilimsan da ya rasu a 1632, ya kawo a littafinsa Nafhuɗ Ɗibi yadda muhtasibi, wato mai kula da kasuwa a Andalus, yake aika yaro ko kuyanga a ɓoye su sayo nama wurin mahauci, shi kuma ya ɗora a kan sikelinsa. In ya sami tawaya, ya san haka mahaucin yake yi wa sauran jama'a. Ashe dabarar ta girmi kamfanonin da ke taƙama da ita da ƙarnuka.

Duk da haka, wani dattijo a zauren ya tayar da tambayar da ta cancanci amsa. Ya ce, "Malam, wannan ba bin diddigin aibin mutane ba ne, wanda Suratul Hujurati ta hana?" Abin da muka fahimta shi ne, hanin yana kan tona abin da mutum ya rufe a ɗakinsa da zuciyarsa. Kanta kuwa ba ɗaki ba ce. Wanda ya zauna a bayanta an ɗora shi ne domin duk mai wucewa, kuma wanda ya ba shi amanar yana da haƙƙin sanin yadda ake riƙonta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya kuma tsawata wa mai shi a kan algus. Amma iyaka tana nan. Mai gwaji ba zai miƙa cin hanci don ya ga ko za a karɓa ba, ba zai tsokani ma'aikaci har ya fusata sannan ya rubuta fushin ba, ba zai kwashe hirar da ba ta shafi ciniki ba. Wanda ya yi haka ya bar gwaji ya shiga haƙa rami.

Haɗarin farko yana kan ma'aikaci. Wani bawan Allah ya kawo mana kukan 'yarsa, wadda ke aiki a kantar wani kamfani a cikin gari. Rahoto ya fito an rage mata maki, aka kira ta ofis aka ja mata kunne. Laifinta biyu: mai gwajin ya daɗe a layi, kuma ba ta karanto masa gaisuwar da aka haddace musu ba. Abin da takardar ba ta da gurbin rubutawa shi ne dalilin daɗewar. Wani tsoho ne a gabansa, ba ya jin Turanci, harshen Asante ma sama-sama, yarinyar ta tsaya tana yi masa bayani da Hausa har ya gane abin da zai dangwala wa hannu. Aikin da ya fi kowane kyau a wannan rana shi ne ya zama tabo a fayil ɗinta.

Ka'idojin da ƙungiyoyin masu wannan sana'a suka shimfiɗa wa kansu sun ce a sanar da ma'aikata tun farko cewa ana irin wannan gwaji, kuma kada rahoto ɗaya ya zama shi kaɗai ne dalilin hukunta mutum. Wannan daidai ne, domin ziyara ɗaya minti goma ce daga cikin shekara. Mu tuna kuma da labarin da ya shahara na Sayyidina Umar, lokacin da yake zagayen dare a Madina ya ji wata yarinya ta ƙi bin umarnin mahaifiyarta na zuba ruwa a madara. Bai tsaya ga neman mai laifi ba. Ya nema wa ɗansa Asimu aurenta, daga zuriyarsu kuma aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Binciken ɓoye da ba ya gano mai kirki ya saka masa, rabin aiki ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Rahoton gwaji ba ya wuce idon wanda aka aika. In kullum saurayi mai kwat da santsin Turanci ake turawa, banki zai ci jarrabawa kullum, domin kowa yana tashi tsaye ga irinsa. Amma yaya ake karɓar gyatuma mai mayafi da ta ƙullo kuɗin adashinta a gefen zane? Yaya ake karɓar mai babbar riga wanda sunansa kaɗai ke sa a tambaye shi daga wace ƙasa ya zo, alhali kakansa a Aboabo aka binne shi? Mun sha jin waɗannan koke-koke a zaure, amma kullum maganar fatar baki ce, mai kanta ya musa, magana ta mutu. Dattawan da suka ga korar baƙi ta 1969 kuwa sun koyi haɗiye magana a gaban teburin ma'aikaci, suka gadar wa 'ya'yansu wannan shiru.

Wasu al'ummomi sun gano cewa cinikin gwaji shi ne ke mayar da ƙorafi ya zama hujja. A Amurka, bayan dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, ƙungiyoyi suka riƙa aika mutum biyu neman hayar gida ɗaya, baƙi da fari, da labari iri ɗaya. A garin Richmond an ce wa wata baƙar fata babu ɗaki, aka ce wa farin akwai. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1982 kuma ta yanke cewa matar tana da ikon kai ƙara ko da ba ta yi niyyar kama hayar ba, tunda ƙarya aka yi mata. Faransa ma ta shigar da irin wannan gwaji cikin dokarta a 2006 a matsayin hujjar da kotu ke karɓa a kan wariya. A nan gida kuma, wani bincike da Bankin Duniya ya wallafa a 2016 ya aika talakawan gari da aka horar su nemi bashi da asusun ajiya a Ghana da Meziko da Peru. Aka tarar ma'aikata ba sa bayyana cikakken abin da za a caji mutum sai ya tambaya, wanda kuma ya nuna bai goge da harkar ba shi ake ragewa bayani. Wane ne wannan in ba iyayenmu ba?

Saboda haka ba mu ce wa samarinmu su guji aikin ba. Cewa muka yi su shige shi ta ƙofa. Yaron da ke jin Hausa da harshen Asante da Turanci, ga shi ya iya rubutu, yana da abin da kamfanin bincike ke buƙata, ko kamfanin ya sani ko bai sani ba. Haka 'yan matanmu masu hijabi, haka dattawan da suka yi ritaya. Sai dai a riƙe abubuwa huɗu. Na ɗaya, mai ba ka aiki ba ya karɓar kuɗinka. Duk wanda ya ce ka biya rajista, ɓarawo ne. Na biyu, duk wanda ya turo maka kuɗi ya ce ka cire ladanka ka wuce da sauran ga wata lamba, tarko ya ɗana maka. A Amurka hukumar kare masu saye ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan dabara, inda ake aiko cak na bogi, mutum ya tura kuɗinsa na gaske, bayan kwanaki banki ya dawo kansa. Na uku, a nemi sunan kamfanin da adireshin ofishinsa, a tabbatar yana da rajista, wanda aka cuta kuma ya kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa a lamba 292. Na huɗu, wannan ba albashi ba ne. Yau akwai, gobe babu, kuma ba za a mayar da kai shago ɗaya sau da yawa ba don kada a gane ka. Ƙari ne a kan sana'a, kada kowa ya ajiye keken ɗinkinsa dominsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wanda ya shiga kuma ya sani shaida ya zama. In ya zauna a gida ya ƙaga rahoto, ya ci haram. In ya rage wa wani maki don wata tsohuwar gaba, ya yi shaidar zur. In ya ƙara wa ɗan uwansa don zumunci, ya ha'inci wanda ya aike shi. Ya kuma roƙi gurbin rubuta dalili a ƙarƙashin kowane maki, don kada abin da ya sami 'yar maƙwabcinmu ya sami wata ta hannunsa.

Saura namu laifin. Ba za mu nemi a auna kantar banki mu bar teburinmu ba. Dukanmu mun san gwangwanin olonka da aka buga wa gindi ya shige ciki, mun san sikelin nama da ake taimaka wa da yatsa, mun san tumatirin da manya ke sama ruɓaɓɓu ke ƙasa. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, yaranmu na haddace ta a allo, mu kuma muna wucewa ta gaban abin kullum. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Salaga zuwa Kano ba su da takardar maki. Sunan maigida da dillalinsa shi ne jarinsu, baƙo ɗaya da aka cuta ya isa ya kashe gida, domin labari zai bi ayari. Yau gari ya girma, mai saye ba ya dawowa ya yi ƙorafi, sai dai ya koma wani teburi.

Shawarar da za mu gabatar wa Maigida da shugabannin 'yan kasuwa da Sarkin Fawa ita ce: a sanar a fili cewa daga lokaci zuwa lokaci za a aiko wanda ba a sani ba ya saya, a auna a zaure gaban shaidu biyu. Wanda aka sami tawaya a wurinsa, karon farko a kira shi a keɓe, a rufa masa asiri. Wanda mudunsa ya cika, a ambaci sunansa a taron jama'a, a sa masa albarka. Ɗan aiken kuma a biya shi ladansa daga asusun ƙungiya, kada ya karɓi ko goro daga hannun mai teburi.

Yaron da ya yi asarar kuɗin rajistarsa ya dawo zaure shekaranjiya, kansa a sunkuye. Dattijo ya dube shi ya ce, "Ɗana, an gwada ka kafin ka gwada kowa. Zauna, Malam zai nuna maka yadda ake rubuta abin da ido ya gani, ba ƙari ba ragi." Mun fara da shi. In shawarar ta sami karɓuwa, shi ne za mu fara aikawa.

Allah Ya cika mana mudunmu da halal, Ya tsare mu daga cutar wani ko wani ya cuce mu. Wassalam.